Jeremy Corbyn Da Bulalar Jam'iyya: Abin Da Kundin Ƙuri'a Ya Nuna

A watan Yunin 1983, lokacin da Margaret Thatcher ta yi wa jam'iyyar Leba mummunan kaye a babban zaɓen Birtaniya har ta bar ta da kujeru 209 kacal, akwai wasu sababbin fuskoki uku da suka samu shiga majalisar wakilai a ƙarƙashin tutar jam'iyyar da ta sha kayen. Biyu daga cikinsu, wato Tony Blair da Gordon Brown, sun yi ta hawa mataki bayan mataki har kowannensu ya zama Firayim Minista. Na ukun, Jeremy Corbyn, wakilin mazaɓar Islington ta Arewa da ke cikin birnin Landan, bencin baya ya samu ya zauna, inda 'yan majalisa marasa muƙami ke zama, kuma shekara 32 cur bai gusa daga nan ba. Bai taɓa riƙe ma'aikata ba, ba a taɓa naɗa shi ko da ƙaramin minista ba. Amma Blair ya bar majalisa tun 2007, Brown ya bi shi a 2015, shi kuwa Corbyn ya ci zaɓen mazaɓarsa sau 11 a jere, na baya-bayan nan a 2024, kuma a wannan karon jam'iyyar da ya taɓa shugabanta ce ta tsayar masa da abokin hamayya.

Mu da muke nazarin harshe muna da abin da muke kira harshen damo, wato zancen da ke ɗauke da ma'ana biyu ko fiye, ta yadda mai shi zai iya zamewa ta kowace kafa idan an ritsa shi. Babu sana'ar da ta dogara da harshen damo kamar siyasa. Ɗan siyasa zai yi jawabin sa'a guda a kan yaƙi ko haraji, mai goyon baya ya tashi yana murna, mai adawa ma ya tashi yana murna, domin kowa ya ji abin da yake son ji. Magana ɗaya ce ta ɗan majalisa da ba ta karɓar harshen damo, ita ce ƙuri'arsa, domin ba ta wuce “i” ko “a'a”. Saboda haka a ganina duk mai son ya auna Corbyn, ko ya yabe shi ko ya kushe shi, gara ya ajiye jawabansa a gefe tukuna, ya buɗe kundin ƙuri'unsa. Abin da zan yi ƙoƙarin yi ke nan a wannan fili.

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san yadda ake kaɗa ƙuri'a a wannan majalisa mai kujeru 650. Idan an gama muhawara, shugaban majalisa yakan nemi jin bakin 'yan majalisa, masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga tasu. Idan wani ɓangare ya ƙi yarda da hukuncin da shugaban ya yanke da kunne, sai ya ba da umarnin a rarrabu. A kaɗa ƙararrawa, a ba kowa aƙalla minti takwas ya iso, sannan a rufe ƙofofi. Akwai zaure biyu a gefe da gefen ɗakin majalisar, ɗaya na masu “i”, ɗaya na masu “a'a”. Kowane ɗan majalisa da ƙafarsa zai taka ya ratsa ta zauren da ya zaɓa, a rubuta sunansa, masu ƙirga huɗu, biyu daga kowane ɓangare, su ƙidaya shi. Kafin gari ya waye sunayen sun shiga Hansard, kundin da ke adana duk abin da aka faɗa da wanda aka yi a majalisa, kuma a wannan zamani kowa na iya duba su a intanet. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Sai kuma batun bulala. Mun saba jin “bulaliyar majalisa” a nan gida, kuma daga can muka gaji kalmar. Asalinta daga farautar Turawa ne, inda ake da mutumin da aikinsa shi ne ya riƙa kora karnuka da bulala don kada su bar ayari. Kowane mako masu tsawatarwa na jam'iyya kan aika wa 'yan majalisarsu takardar ayyukan da ke tafe, a ja wa kowane batu layi a ƙarƙashinsa. Layi ɗaya, zuwa ganin dama ne. Layi biyu, ana bukatarka. Layi uku kuwa, dole ka zo, kuma dole ka bi inda jam'iyya ta bi. Wanda ya bijire ana iya janye masa bulalar, ma'ana a fitar da shi daga ayarin jam'iyya a majalisa. Kujerarsa tana nan, domin mazaɓarsa ce ta ba shi, amma ba zai sake tsayawa takara da sunan jam'iyyar ba sai an mayar masa da ita.

Masanin siyasar nan Philip Cowley, wanda ya shahara wajen bin diddigin tawayen 'yan majalisa, ya ƙirga cewa tsakanin 1997 da 2010, shekarun da Leba ke mulki, Corbyn ya saɓa wa bulalar jam'iyyarsa sau 428. Babu ɗan Leba da ya kai shi. Tun a Disambar 1997, gwamnatin Blair ba ta cika wata takwas ba, yana cikin mutum 47 da suka ƙi amincewa da rage tallafin da ake ba iyayen da ke renon 'ya'ya su kaɗai. A Janairun 2004 yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan ƙarin kuɗin jami'a zuwa fam 3,000 a shekara, dokar da ta tsallake da ƙyar, 316 da 311. A Nuwambar 2005, watanni huɗu bayan hare-haren bama-bamai na Landan, Blair ya nemi a ba 'yan sanda ikon tsare wanda ake zargi da ta'addanci har kwana 90 ba tare da an tuhume shi ba. 'Yan Leba 49, har da Corbyn, suka bi 'yan adawa, aka kayar da gwamnati da ƙuri'a 322 da 291, kuma wannan ne karo na farko da Blair ya sha kaye a majalisar wakilai. Da Brown ya dawo da batun a 2008, ya rage shi zuwa kwana 42, nan ma Corbyn a'a ya ce.

Amma ƙuri'ar da ta fi kowace fito da sunansa ita ce ta yaƙin Iraƙi. A ranar 15 ga Fabrairun 2003 yana cikin waɗanda suka yi jawabi ga dubban ɗaruruwan mutanen da suka cika titunan Landan suna adawa da yaƙin. A ranar 18 ga Maris majalisa ta zauna, kwana ɗaya bayan Robin Cook, tsohon ministan harkokin waje, ya ajiye muƙaminsa a gwamnati saboda wannan batu. Masu adawa suka kawo gyara ga ƙudirin gwamnati, suna cewa har yanzu ba a kafa hujjar zuwa yaƙi ba. 'Yan Leba 139 suka goyi bayan gyaran, tawayen da ba a saba ganin irinsa ba daga 'ya'yan jam'iyya mai mulki, amma jam'iyyar Conservative ta 'yan mazan jiya ta mara wa Blair baya, gyaran ya faɗi, ƙudirin yaƙi ya wuce da ƙuri'a 412 da 149. Bayan kwana biyu aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Sojojin Birtaniya 179 ne suka rasa rayukansu a wannan yaƙi, na Iraƙawa kuwa sun ninka haka ninkin ba ninkin, makaman ƙare dangin da aka ce Saddam Hussein ya ɓoye kuma ba a same su ba.

Shekara 13 bayan haka, a ranar 6 ga Yulin 2016, kwamitin binciken Sir John Chilcot ya fitar da rahotonsa, ya tabbatar cewa Birtaniya ta shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba. Ƙaddara ta sa a wannan rana Corbyn ne shugaban Leba, kuma shi da bai zaɓi yaƙin ba shi ne ya fito ya nemi gafara a madadin jam'iyyar. Irin wannan ta sake faruwa a kan Libiya. A ranar 21 ga Maris 2011 majalisa ta amince da kai hare-hare ta sama a kan dakarun Gaddafi da ƙuri'a 557, mutum 13 kaɗai suka ce a'a, Corbyn na cikinsu. A Satumbar 2016 kwamitin harkokin waje na ita wannan majalisa ya yi bincike, ya ce an gina matakin ne a kan bayanan da ba su inganta ba, kuma ba a tanadi abin da za a yi bayan faɗuwar gwamnatin ba. Mu da ke wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. Makaman da suka ɓalle daga rumbunan Libiya sun taimaka wajen rura tawayen arewacin Mali a 2012, kuma har yau ƙasashen Sahel ba su gama biyan bashin wannan yaƙi ba.

Sai dai kundin da ya wanke shi a waɗannan wurare shi ne kuma masu sukarsa ke buɗewa. A 1985 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin yarjejeniyar da Thatcher ta ƙulla da gwamnatin Ailan, wadda masana tarihi da dama ke ɗauka a matsayin tubalin farko na sulhun da aka cimma a Ailan ta Arewa a 1998. A 1999 ya yi adawa da hare-haren ƙungiyar tsaro ta NATO a kan Sabiya, alhali Albaniyawan Kosobo, waɗanda galibinsu Musulmi ne, ana korarsu daga gidajensu. Masu sukar suna cewa mutumin da amsarsa ga kowane matakin soja ita ce a'a, dole wata rana ya dace, kamar yadda dole wata rana ya kuskure, don haka ba hangen nesa ba ne, ɗabi'a ce. Wannan suka tana da nauyi, ko da yake ba ta share gaskiyar cewa a Iraƙi da Libiya hujjojin da ya kawo su ne daga baya bincike ya gaskata. Haka kuma masu ƙaunarsa a cikinmu saboda Iraƙi da Falasɗinu ya kamata su karanta kundin har ƙarshe. Mutumin da 'yan sanda suka kama a 1984 a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yana zanga-zangar ƙin wariyar launin fata, shi ne kuma ya goyi bayan dokar auren jinsi a 2013. Daga aƙida guda duk suka fito, ta gurguzu irin ta Turai, kuma shi bai taɓa ɓoye ta ba.

Karatun kundi ma yana bukatar lura. A ranar 13 ga Oktoban 2014 majalisa ta yi muhawara a kan ƙudirin da ke kira ga gwamnati ta amince da ƙasar Falasɗinu. Duk wanda ya duba sakamakon, 274 da 12, zai ga sunan Corbyn a matsayin mai ƙirga na ɓangaren “a'a”, ya yi mamaki. Abin da ya faru shi ne masu adawa da ƙudirin sun so ya wuce da murya kawai, ba tare da an rubuta suna ko adadi ba, kuma a ƙa'ida idan ɓangare ɗaya bai ba da masu ƙirga biyu ba, ba za a rarrabu ba. Sai Corbyn da wani abokinsa, Mike Wood, suka tsaya wa ɓangaren da ba nasu ba, suka sadaukar da ƙuri'unsu domin a tilasta ƙidaya, sannan ya miƙe ya yi wa majalisa bayani. Wani abin lurar kuma shi ne ko a majalisar 2005 zuwa 2010, lokacin da tawayensa ya fi tsanani, wajen ƙuri'a ɗaya cikin huɗu ce ya saɓa, sauran yana tare da jam'iyya. Daɗin daɗawa, Blair ya hau mulki a 1997 da rinjayen kujeru 179. Gwamnati mai irin wannan rinjaye ba ta asarar komai idan mutum goma ko ashirin suka bijire. Shi ya sa ba a taɓa janye wa Corbyn bulala ba a duk waɗannan shekaru. Tawayensa ya hana shi muƙami, amma bai ɗora masa nauyin abin da zai biyo baya ba.

Ƙuri'a ɗaya ce ta fitar da shi daga bencin baya. Bayan Leba ta faɗi zaɓen 2015, Ed Miliband ya sauka, Corbyn ya shiga takarar shugabanci da ƙyar. Ana bukatar sa hannun 'yan majalisa 35, ya samu 36 ana dab da rufewa, wasunsu ma aro aka ba shi don dai a faɗaɗa muhawara. A ranar 20 ga Yuli gwamnatin David Cameron ta kawo dokar rage tallafin marasa galihu, wadda a cikinta har da taƙaita tallafin yara ga 'ya'ya biyu na farko. Shugabar riƙon jam'iyyar, Harriet Harman, ta umarci 'yan Leba su ƙaurace wa ƙuri'ar. Sauran 'yan takara uku, Andy Burnham da Yvette Cooper da Liz Kendall, suka bi umarni. Corbyn ya bi ta zauren “a'a” tare da wasu 47. 'Ya'yan jam'iyya da suka gaji da shugabanni masu harshen damo suka ga mutumin da bakinsa da ƙafarsa ke tafiya wuri ɗaya, kuma shekara 32 na ƙuri'u suna nan a rubuce a matsayin shaida. A ranar 12 ga Satumba suka ba shi kashi 59.5 cikin ɗari tun a zagayen farko.

Daga nan reshe ya juye da mujiya. Mutumin da ya bijire wa bulala sau ɗaruruwa, yau ga bulala a hannunsa, kuma yawancin waɗanda zai kora da ita ba su zaɓe shi ba. A ranar 2 ga Disambar 2015, da aka zo batun kai hare-hare ta sama a kan ƙungiyar IS a Siriya, bai iya tilasta ra'ayinsa ba, sai ya bar kowa ya bi zuciyarsa. Ya buɗe muhawara yana adawa, kakakinsa kan harkokin waje, Hilary Benn, ɗan Tony Benn ubangidan Corbyn a siyasa, ya rufe ta yana goyon baya, daga benci guda. 'Yan Leba 66 suka bi gwamnati, ƙudirin ya wuce da 397 da 223. A Yunin 2016 'yan majalisarsa suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, 172 da 40, ya ƙi sauka, ya koma wurin 'ya'yan jam'iyya suka sake zaɓensa da kashi 61.8. A Yulin wannan shekara aka zo sabunta jiragen ruwan da ke ɗauke da makaman nukiliyar ƙasar. Manufar Leba a rubuce ita ce goyon baya, 'yan majalisarta 140 suka bi manufar, shugaban jam'iyyar kuwa yana cikin 47 da suka saɓa mata. Samun shugaba yana yi wa jam'iyyarsa tawaye abu ne da ba a saba gani ba.

Batun Tarayyar Turai ne ya fi tona wannan matsala. Kundin Corbyn a nan a fili yake. Ya zaɓi ficewa a ƙuri'ar raba gardama ta 1975, ya yi adawa da yarjejeniyar Maastricht a 1993, ya ƙi ta Lisbon a 2008. Amma jam'iyyar da yake jagoranta ta masu son zama ce, don haka a 2016 ya yi yaƙin neman a zauna, sai dai da sanyin jiki, har ya ce idan za a auna ƙaunarsa ga Tarayyar ba za ta wuce bakwai ko bakwai da rabi cikin goma ba. Da masu son ficewa suka yi nasara da kashi 52 cikin ɗari, a Fabrairun 2017 ya ja layi uku, ya umarci 'yan majalisarsa su goyi bayan dokar fara ficewa. Mutum 47 suka bijire masa. A Yunin wannan shekara ya sallami uku daga cikin masu magana da yawun jam'iyyar saboda sun goyi bayan gyaran da Chuka Umunna ya kawo na zama a kasuwar bai ɗaya ta Turai. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa. Ban ga laifinsa ba da ya yi amfani da bulala, domin jam'iyyar da ba ta iya tattara ƙuri'un 'ya'yanta ba za ta iya zartar da kasafin kuɗi ba. Amma duk wanda ya ɗaga wa bulalar yana da amsa a shirye, ita ce lambar nan 428.

A zaɓen 2017 ya ba marasa imani da shi mamaki. Leba ta samu kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u da kujeru 262, Theresa May ta rasa rinjayenta. Amma a 2019, lokacin da ƙasar ta rabu biyu a kan ficewa daga Turai, matsayin da ya je wa masu zaɓe da shi shi ne zai sake tattauna sabuwar yarjejeniya, ya kai ta ƙuri'ar raba gardama, shi kuma ya zama ɗan ba-ruwanmu. Mutumin da jarinsa duka shi ne an san inda ya tsaya, ya wayi gari yana magana da harshen damo a kan babban batun zamaninsa. Boris Johnson ya cinye da rinjayen kujeru 80, Leba ta tashi da 202, mafi ƙanƙanta tun 1935, har da mazaɓun arewacin Ingila da suka shekara aru-aru a hannunta suka suɓuce.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. A ranar 29 ga Oktoban 2020 hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa jam'iyyar Leba ta karya doka a yadda ta tafiyar da ƙorafe-ƙorafen ƙyamar Yahudawa a zamanin shugabancinsa. Corbyn ya mayar da martani cewa ƙyamar Yahudawa abar ƙi ce, amma abokan gaba sun zuzuta girman matsalar don siyasa. A ranar aka dakatar da shi. Bayan kusan mako uku jam'iyya ta mayar da shi, amma magajinsa Keir Starmer ya ƙi mayar masa da bulala, kuma a Maris 2023 kwamitin zartarwa ya haramta masa takara da sunan Leba. Abin da ƙuri'u 428 ba su jawo masa ba, magana ɗaya ta jawo masa. Baki shi ke yanka wuya. Da zaɓen Yulin 2024 ya zo ya tsaya a matsayin indifenda, ya samu ƙuri'a 24,120, ɗan takarar Leba ya samu 16,873, a ranar da Leba ke lashe ƙasar baki ɗaya. Mutanen Islington ta Arewa sun shekara 41 suna ganin yadda yake kaɗa ƙuri'a da sunansu, kuma a kan haka suka yanke hukunci.

Ba a yi wata guda da wannan zaɓe ba sai tsohon batun 2015 ya dawo. A ranar 23 ga Yulin 2024 jam'iyyar 'yan kishin Sikotlan ta kawo gyaran da ke neman a soke taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu. 'Yan Leba bakwai suka goyi baya, cikinsu har da John McDonnell da Zarah Sultana, nan take Starmer ya janye musu bulala na wata shida. Blair ya jure wa Corbyn shekara goma, Starmer bai jure wa waɗannan ƙuri'a ɗaya ba. Amma a kasafin kuɗin Nuwambar 2025 ita wannan gwamnati da bakinta ta sanar cewa za ta soke taƙaitawar. Wata biyu kafin nan, a ranar 21 ga Satumba, ta amince da ƙasar Falasɗinu, shekara 11 bayan ƙuri'ar nan da Corbyn ya tsaya ƙirga don ta tabbata. Ba na cewa shi ya sa aka yi waɗannan abubuwa, domin dalilai da yawa ne suka haɗu. Abin da nake cewa shi ne ɗan tawaye yana da aiki a majalisa. Shi ke riƙe batu da rai a lokacin da manya ke son a binne shi, kuma shi ke tilasta wa kowa ya sa hannu a kan matsayinsa.

To, mene ne hukuncin kundin? A nawa karatun, ya nuna mutum mai tsayuwa a kan magana ɗaya, wanda ba a saye shi da muƙami ba, wanda kuma lokaci ya gaskata a kan Iraƙi da Libiya da tsare mutane ba tare da tuhuma ba. Ya kuma nuna cewa baiwar cewa a'a daban take da baiwar tattara mutane 326 su ce i, wanda shi ne abin da ake bukata kafin a kafa gwamnati a wannan majalisa. Ɗan bencin baya zuciyarsa da mazaɓarsa kaɗai yake yi wa bayani, shugaba kuwa sai ya haɗa kan waɗanda ba sa ga maciji da juna, ya ba da wani abu ya karɓi wani. Shekara 32 a bencin baya ba su koya wa Corbyn wannan ciniki ba. Ko sabuwar jam'iyyar da ya sanar da kafawa tare da Zarah Sultana a Yulin 2025, tun kafin ta yi taronta na farko a Liverpool a ƙarshen Nuwamba, saɓani ya ɓarke tsakanin su biyun a bainar jama'a a kan rajistar mambobi.

Mai karatu zai lura cewa duk abin da na faɗa, na yabo da na suka, na iya faɗarsa ne saboda an rubuta. A nan ne batun ya taɓa mu. Mun gaji sandar majalisa da bulaliya da karatu na ɗaya da na biyu daga Westminster, amma ƙidaya da suna mun mayar da ita abin da ake yi jefi-jefi. A ranar 20 ga Maris 2025 majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Da ƙuri'ar murya aka yi. Wane kunne ne ke iya tantance murya 240 daga 239? Ba kuma don ba mu iya ba ne. A Yulin 2021, da aka yi taƙaddama a majalisar dattawa a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya nemi a rarrabu, aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya, aka tashi 52 da 28, wasu 28 ba su nan, kuma washegari kowa ya ga sunan sanatansa a jarida.

Ɗan Islington da ya zaɓi Corbyn a 2024 ya san abin da ya saya, wanda ya ƙi shi ma ya san abin da ya ƙi, domin ƙuri'un shekara 41 suna gabansu. Mu kuwa idan wa'adi ya cika, ɗan majalisa ya dawo neman ƙuri'a, abin da yake nuna mana shi ne rijiyar burtsatse da babura da buhunan shinkafa, alhali ba wannan aikin muka aike shi ba. Mun aike shi ne ya ce i ko a'a da sunanmu a kan haraji, da bashi, da tsaro, da kasafin kuɗi. Muddin ana yanke waɗannan da murya, jarumin da ya ce a'a ba shi da shaidar da zai nuna, wanda ya sayar da mu ma ba shi da abin da zai ji tsoro. Shawarata ga ƙungiyoyin lauyoyi, da malaman jami'a, da 'yan jarida, ita ce su matsa wa majalisun tarayya da na jihohi su mayar da ƙidaya da suna wajibi a kan kowace doka mai muhimmanci, a kuma buga sunayen. Kafin hakan ta samu, duk ɗan majalisar da ya zo ƙofar gidanka neman komawa, ka tambaye shi dokoki uku da aka zartar a gabansa, da ɓangaren da ya tsaya a kowace.